Ƙahon Do: Sunansa da Aikinsa cikin Orkestra da Busan Tilo

1. Suna tukuna

Abin busan da wannan ƙasida ta shafa, Faransawa suna ce masa trompette en ut. Duk wanda ya zauna bencin lakkol ya san do, re, mi, fa, sol, la, si, amma ba kowa ya taɓa jin ut ba. Shi ne tsohon sunan do. A ƙarni na 11 ne Guido na Arezzo ya tsamo sunayen sautuka daga gaɓoɓin farko na ɗangayen wata waƙar coci ta Latin, gaɓar farko kuwa ita ce ut. A ƙarni na 17 Italiyawa suka musanya ta da do, wadda ta fi daɗin rerawa tunda da wasali ta ƙare. Faransanci ya karɓi do wajen rerawa, amma ya riƙe ut cikin wasu daskararrun maganganu kamar clé d'ut da contre-ut da kuma sunan wannan abin busa. Jamusawa da Ingilishi, su da haruffa suke kiran sautuka, a wurinsu C ke nan.

A nan za mu ce masa ƙahon do, ɗan'uwansa da aka fi sani kuma ƙahon si-bemol. Mun guji kalmar kakaki don tana da mai ita: kakaki na fada ne, kuma ma'anarsa ta sarauta ta fi ƙarfin a ara masa wani aiki. Begila kuma ta soja ce, ba ta da fistin. Ta kalmar orkestra ba ƴan kiɗan rawa na zamani muke nufi ba, kamar yadda aka saba a Yamai ko Maraɗi. Muna nufin babban taron makaɗan Turai, mutum 80 zuwa 100, waɗanda fiye da rabinsu masu goge ne, kowa da takardarsa a gabansa.

Me ake nufi da a ce ƙaho na do ne? Mabushi yana kaɗa leɓɓansa cikin ƙoƙon baki, iskar da ke cikin bututu ta amsa. Amma bututu ba ya amsa kowane sauti. Yana da wani tsani nasa, wanda tsawonsa ya ƙayyade, kuma a kan hawan wannan tsani kawai leɓe ke iya sauka. Wanda ya saurari kakaki a ƙofar fadar Damagaram ya ji wannan doka da kunnensa: galibi tsakanin sauti biyu yake kai da kawo, ɗaya sama ɗaya ƙasa, shi ya sa ma yake iya kwaikwayon karin sautin kirari. Ƙahon Turai ma haka yake har farkon ƙarni na 19. A 1818 Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka yi rajistar fistin a Jamus, a 1839 kuma François Périnet ya fito da irin wanda ake dannawa a yau a Paris. Kowane fistin yana buɗe wa iska ƙarin hanya: na 1 ya sauke sauti da taki ɗaya, na 2 da rabin taki, na 3 da taki ɗaya da rabi. Idan ba a danna ko ɗaya ba, tsanin asali ne ke fita, kuma gindin wannan tsani shi ne ke ba ƙaho sunansa.

Domin kada mabushi ya koyi sabon aikin yatsu ga kowane ƙaho, an yarda a rubuta gindin kowane tsani da do. Abin da wannan ke haifarwa shi ne:

(1) a rubuce do, yatsu a sake, ƙahon do ya fid da do;
(2) a rubuce do, yatsu a sake, ƙahon si-bemol ya fid da si-bemol.

Wato a (1) abin da ido ya gani shi kunne zai ji, a (2) kuwa kunne na jin taki ɗaya ƙasa da abin da ke takarda. Idan an warware bututun ƙahon si-bemol aka miƙe shi, bai cika mita ɗaya da rabi ba. Na do ya gaza shi da kimanin santimita 15. Duk abin da za mu faɗa a gaba daga waɗannan santimita 15 ya taso.

2. Cikin orkestra

Daga (1) mutane da dama kan yanke cewa amfanin ƙahon do shi ne ya hutar da mai shi daga juyin sauti, wato karanta abu ɗaya a busa wani. Wannan magana rabinta ne gaskiya. Ta yi daidai ga wanda ke son ya leƙa takardar mai piyano ya bi shi. Cikin orkestra kuwa ba ta tsaya ba, saboda takardun da ake ajiye wa mabushi an rubuta su ne don ƙahonin da yawancinsu ba a riƙe su yanzu. Zamanin Haydn da Mozart da Beethoven, mabushi kan ƙara wa ƙahonsa guntun bututu ya mai da shi na re, ko na mi-bemol, ko na fa, gwargwadon kiɗan da za a yi, kuma masu tsara kiɗa sun ci gaba da rubutu a wannan hanya tun bayan zuwan fistin. Mai ƙahon do da aka ba takardar ƙahon re sai ya ɗaga kome da taki ɗaya. Ta fa, taki biyu da rabi. Ta si-bemol, ya sauke taki ɗaya. Ta la, ya sauke ɗaya da rabi. Yana yin haka nan take, ido na karatu, yatsa na fassara. Makarantun Faransa suna koyar da wannan ta hanyar sauya mabuɗin karatu a zuci: takardar re a karanta ta da clé d'ut ta layi na 3, ta si-bemol da ta layi na 4. Abin da za a iya cewa kawai shi ne wasu juye-juyen sun fi sauƙi daga do. Takardar ƙahon mi, alal misali, taki biyu ce daga do, amma daga si-bemol taki uku ce cif, tazarar da ido ya fi ƙi.

Dalilan gaskiya suna wani wuri. Na farko shi ne zaman lafiya da masu goge. Tsirkiyoyin gogen Turawa sol, re, la, mi ne, don haka kiɗan orkestra mai yawa yana zaune ne a gidajen sauti masu diyez. Ƙahon si-bemol yana ƙara wa mai shi diyez 2 a kan na kowa: inda masu goge ke da 4, shi yana fama da 6, da haɗe-haɗen yatsu masu nauyi. Na biyu shi ne murya. Gajeren bututu ya fi saurin amsawa, bakin sautinsa ya fi kaifi, muryarsa ta fi haske da tattaruwa, tana ratsa taron makaɗa ta kai kujerar ƙarshe ba tare da mabushi ya yi ihu ba. Na uku, wanda mabusa ba su cika faɗa a fili ba, shi ne tsoro. Hawan tsanin nan, yadda ake yin sama haka suke ƙara matsuwa da juna. Leɓe ya kuskure da kaɗan, sai ya taka hawan maƙwabci, sautin ya tsage, kuma tsagewar ƙaho ba ta ɓoyuwa kamar kuskuren mai goge ɗaya cikin 16. Ga sauti guda, mai gajeren ƙaho yana ɗan ƙasa a tsaninsa, inda hawan suka fi tazara. Ribar ba ta da yawa, amma mutumin da ya zauna shiru minti 15 yana ƙidayar kiɗan wasu, ƙarfe ya huce a hannunsa, sannan aka nuna shi da sanda, ba ya raina ta.

Wannan tsoro ne ya kori babban ƙahon fa na ƙarni na 19, wanda ya fi na do tsawo da rabi, duk da cewa masana da yawa sun yi kukan rashin muryarsa mai kauri. A Paris aka fara komawa do. Merri Franquin, wanda ya koyar da ƙaho a babbar makarantar kiɗa ta birnin, wato Conservatoire, daga 1894 zuwa 1925, shi ne ya tsaya wa ƙaramin ƙahon har ya zama na ɗalibai duka. Daga nan ya haye teku. Georges Mager, wanda shi ma a wannan makaranta ya yi karatu, ya riƙe kujerar mabushi na farko a orkestrar Boston kimanin shekara 30, har rasuwarsa a 1950, kuma da ƙahon do yake aiki. Ɗalibinsa Adolph Herseth ya hau irin wannan kujera a Shikago a 1948, bai sauka ba sai 2001. A 1955 orkestrar Shikago ta sayi ƙahonin do 4 daga maƙerin nan Vincent Bach, kuma har yau maƙera na ƙoƙarin kwaikwayon su. Ta wannan silsila ta malami da ɗalibi ne ƙahon do ya zama abin aikin yau da kullum a orkestrocin Amurka. Ingila da Rasha sun daɗe suna riƙe da si-bemol. Jamus da Ostiriya kuma suna da nasu ƙahon mai fistin na juyawa, wanda ake ƙerawa a do da si-bemol duka. Ke nan ba doka ba ce, al'ada ce, kuma kowace ƙasa tana da kunnenta.

Bari mu dubi mashiga uku da kowane mai neman aiki a orkestra ya san za a iya tambayarsa. A farkon Also sprach Zarathustra na Richard Strauss (1896), ƙahoni 4 suna busa do, sol, do. Ga mai ƙahon do waɗannan su ne hawa na 2 da na 3 da na 4 na tsaninsa, ba ya taɓa fistin ko ɗaya. Abin busan ya koma kakaki, kuma a nan babu gardama. A 1922 Maurice Ravel ya raba wa orkestra Tableaux d'une exposition, wanda Musorgski ya rubuta don piyano, ya ba ƙaho shi kaɗai layin farko, kuma don ƙahon do ya rubuta. Layin ba shi da sauri, ba shi da tsawo sosai. Wahalarsa ita ce kowane sauti ya fito da nauyi ɗaya da ɗan'uwansa, kamar takun mutum mai yawo a natse. Na uku shi ya fi koyar da mu. Simfoni ta 5 ta Gustav Mahler, wadda aka fara kaɗawa a Kolon a 1904, tana buɗewa da ƙaho tilo, a hankali, zaure tsit. Mahler don ƙahon si-bemol ya rubuta wannan wuri, amma mabusa da yawa, musamman a Amurka, da na do suke yin sa, don su sami aminci idan layin ya hau sama da ƙarfi. Kuɗin da suke biya shi ne sautin farko. Do-diyez ne na ƙasa, wanda a ƙahon do sai an danne fistin 3 duka, kuma shi ne sauti mafi toshewa da karkata a jikin abin busan. Mabushi ya zaɓi ya fara da mafi munin sautinsa, a gaban mutum dubu biyu, don ya tsira a gaba. Mu a ganinmu wannan misali ya isa ya rushe zancen cewa wani ƙaho ya fi wani. Ciniki ne, kowa da abin da ya yarda ya rasa.

3. Inda yake karkata

Me ya sa do-diyez ɗin nan ke karkata? An auna ƙarin bututun kowane fistin ne da tsawon ƙaho a sake. Idan an haɗa biyu ko uku, ƙahon ya riga ya ƙara tsawo, ƙarin da ke biye ya yi masa kaɗan, sai sauti ya fito sama da inda ya kamata. Maganinsa sananne ne: akwai zobe a bututun fistin na 3, mabushi ya tura shi waje da yatsan hagu lokacin da yake busa re da do-diyez na ƙasa. Wannan ciwo duk ƙahoni ne ke da shi.

Wanda ya fi damun ƙahon do shi ne hawa na 5, wato mi na saman layukan rubutu, da ƴan'uwansa mi-bemol da re da ake samu daga gare shi. A lissafi, hawa na 5 yana ƙasa da mi na piyano da kashi 14 cikin 100 na rabin taki. A ƙahonin do da yawa, musamman tsofaffi, ya fi haka faɗuwa. Mabusa sukan kauce masa su ɗauko sautin daga hawa na 6: mi da fistin 1 da 2, mi-bemol da 2 da 3, wani lokaci re da 1 da 3. Sai dai hawa na 6 shi kuma sama yake karkata, launin muryarsa ma daban ne, don haka an gudu daga wani rami ne zuwa bakin wani.

Abin lura a nan, wanda littattafan koyo ba su cika tsayawa a kansa ba, shi ne wannan mi mai faɗuwa ba kullum ne kuskure ba. Idan mabusa uku suka riƙe do, mi, sol tare, kunne ya fi son mi ɗin ya sauka da wannan kashi 14. A nan ne sautukan ke narkewa cikin juna, rawar da ke tsakaninsu ta tsaya. Amma idan mi ɗin nan ne ke ɗauke da waƙa, ko kuwa mai sarewa na riƙe da shi tare da ƙaho, sai ya zama aibi. Sauti ɗaya, yatsa ɗaya, daidai a nan, kuskure a can. Masu nazarin harshe ba za su yi mamaki ba: muhalli ne ke hukunta sauti. Ke nan mabushin orkestra ba ya wadatuwa da sanin layinsa. Sai ya san matsayin sautinsa cikin abin da sauran ke riƙe.

Akwai kuma iyaka ta ƙasa. Ƙahon do yana tsayawa a fa-diyez, na si-bemol ya kai mi. A gabatarwar Carmen ta Bizet (1875) akwai layin da ya sauka ƙasa da abin da ƙahon do ke iyawa, har mai si-bemol ma sai ya ja bututu kafin ya kai. Shi ya sa babu mabushin orkestra mai zuwa aiki da ƙaho ɗaya, kuma mabushi na 2 ko na 3, wanda rabonsa ke ƙasa, yakan ɗauki si-bemol ko da na farko na riƙe da do.

Kusan kowa da si-bemol yake fara koyo, ya yi shekaru kafin a miƙa masa na do. Ranar farko abin da ke faruwa ya yi kama da abin da muke gani ga mai koyon harshe na biyu. Yatsa ya danna, kunne da leɓe suna jiran sautin da suka saba, ƙaho ya ba da wani taki ɗaya sama. Ɗalibi sai ya matse leɓe yana neman gyara, murya ta fito siririya, ya ɗora wa ƙaho laifi. Ba ƙarfi ke maganin wannan ba. Sai ya rera sautin a ransa kafin ya busa. Malamai da yawa ma suna sa ɗalibi ya ci gaba da motsa leɓensa na safe da si-bemol, don faɗin muryar wancan ya bi shi zuwa wannan.

4. Busan tilo

Idan mabushi ya tashi daga layin baya ya tsaya gaban dandali, aikin ya juye. Cikin orkestra yana shiru da yawa, busa kaɗan, kowace da nauyinta. A busan tilo ƙoƙon baki ba ya barin leɓe sai na ɗan lokaci, kuma abin da ake nema ba ratsa taro ba ne, sai iya sassauta murya da sauya launinta minti 10 ko 15 ba tare da leɓe ya mutu ba. Idan da piyano ake tafiya, zancen sauke mi don a narke ya ƙare: piyano ba ya matsawa, mai ƙaho ne zai bi shi.

Mafi yawan abin da aka rubuta wa ƙahon do shi kaɗai daga Faransa ya fito, kuma dalilin na makaranta ne. Conservatoire ta Paris ta daɗe tana sa a tsara sabon kiɗa don jarrabawar ƙarshen shekara. Haka aka sami Légende na Georges Enesco a 1906, wanda ya sadaukar ga Franquin: ya fara a hankali cikin duhu, ya ɓarke da gudu a tsakiya, ya ƙare da toshi a bakin mazurari, kamar murya daga nesa. Gudun nan da bugun harshe mai uku ake yin sa, wanda littafin Arban na 1864 ya rubuta tu-tu-ku. A idon mai ilimin furuci, wannan musanya ce tsakanin tsayau bahanƙe da tsayau bahanɗe: yayin da kan harshe ke komawa mazauninsa, bayan harshe ya karɓi aiki. Wasalin ma ba banza ba ne. Arban Bafaranshe ne, u ɗinsa na gaba ne, harshe a ɗage kusa da ganɗa. Wanda ya karanta shi da u na Hausa, na ƙurya, ya ja harshensa baya, kuma bugun zai fito da nauyi fiye da yadda marubucin ya nufa.

Bayan yaƙin duniya na 2 aka sami damina. Arthur Honegger ya rubuta Intrada a 1947 don gasar Janeba, mai neman manyan tsallake daga ƙasa zuwa can sama tun buɗewarsa. A 1948 Henri Tomasi ya gama konsartonsa, André Jolivet kuma ya fid da Concertino, ya ƙara da konsarto na 2 a 1954. Na Tomasi ne muke ganin ya fi nuna abin da ƙahon do ke iyawa: mabushi na sa toshi yana cirewa, daga kiran soja zuwa raɗa cikin ƴan daƙiƙu, kuma hasken muryar da ke ratsa orkestra shi ne a nan ke ba layi siriri damar fita a sarari. Maurice André (1933-2012), wanda ya yi aikin haƙar gawayi a kudancin Faransa yana yaro kafin ya ci gasar Janeba a 1955 da ta Munik a 1963, ya ɗauki waɗannan a faifai, ko da yake duniya ta fi saninsa da ɗan ƙaramin ƙahon nan na kiɗan ƙarni na 18.

Kada a ɗauka duk busan tilo na do ne. Konsarton Haydn na 1796 an yi shi ne don ƙaho mai ramuka na Anton Weidinger, yau kuma an fi busa shi da na mi-bemol. Sonatar Hindemith (1939) da konsarton Arutiunian (1950) na si-bemol ne, kuma wanda ya ɗauke su da do don sauƙi yakan rasa kaurin da suke bukata.

Luciano Berio ya kai abin wani wuri dabam a Sequenza X, wanda ya rubuta a 1984 don Thomas Stevens na orkestrar Los Anjeles. Akwai piyano a dandali, amma mai shi ba ya kaɗa ko sauti ɗaya. Yana danna maɓallai ne a hankali yadda guduma ba za ta bugi tsirkiya ba, ya bar tsirkiyoyin a sake. Mai ƙahon do ya juya mazurarinsa cikin buɗaɗɗen cikin piyano ya busa, tsirkiyoyin da suka dace da sautinsa su kama rawa da kansu, su ci gaba da amo bayan ya sauke ƙaho daga baki.